SHARHI: Matakala, Gangara da Dakalin Lodi, Jarin da Ake Mantawa da Shi a Yana

Duk ɗan kasuwar da ya tashi gina shago ko sito a Yana, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Shira ta Jihar Bauchi, yana da lissafin bulo, da na kwanon rufi, da na ƙofar ƙarfe, har ma da na fenti. Abin da ba safai yake shiga lissafin ba shi ne ɗan wurin nan da ke tsakanin bakin titi da dokin ƙofa. Sai an gama gini, kuɗi sun kusa ƙarewa, sannan a ce wa birkila ya ɗan yi matakala da ragowar siminti. Alhali kuwa ta wannan wuri ne kowane buhu zai shiga, ta nan kuma kowace naira za ta iso aljihun mai shago.

Ba laifi ba ne da magina a ƙasar Katagum suke ɗaga daɓen gini sama da ƙasa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ba ya saurin wucewa, kuma wanda ya ga yadda ambaliyar watan Agusta na 2024 ta datse babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin Ƙaramar Hukumar Katagum ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan haka. Buhun gero ko na sukari da ruwa ya taɓa ya tashi daga aiki. To amma kowane santimita da aka ƙara wa daɓe don gudun ruwa, an ƙara shi ne a kan mai saye da ɗan dako. Shagon da aka ɗaga santimita 60 ya tsira daga ruwa, sa'an nan ya zama tudun da sai mai ƙoshin lafiya ke iya hawa.

Su wane ne ke tsayawa a ƙasan wannan tudu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya suna fama da wata naƙasa. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Shira mutum fiye da dubu 230. In aka ɗora wancan ƙiyasi a kan wannan tsohon adadi, ana maganar mutum kimanin dubu 37. Ba duka ne matakala ke hana su shiga ba, gaskiya ne. Sai dai arewacin Nijeriya yana da nasa tarihin na musamman. Cutar shan-inna ta daɗe a nan fiye da kusan ko'ina a duniya, kuma sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa an kawar da nau'inta na asali daga nahiyar Afirka. Yaran da ta taɓa a shekarun 1990 da na 2000 yanzu magidanta ne, da yawansu teloli, masu gyaran takalmi, masu sayar da kati, masu kuɗi a aljihu da keken hannu a ƙarƙashinsu. A ƙara musu tsofaffi, waɗanda galibi su ke riƙe da dukiyar gida, da mata masu juna biyu, da makafi. Mai shago yakan ce ai yana aiko yaro ya karɓi kuɗinsu a waje. Wanda aka tsayar a rana yana saye ta bakin yaro abu ɗaya yake saye, wanda ya zo nema; wanda ya shiga ciki ya ga kaya da idonsa shi ne ke fita da abu uku. Kowane ɗan tireda ya san wannan.

Akwai kuma doka, ko da yake mutane kaɗan ne suka damu da ita. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018. Dokar ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga yadda naƙasassu za su iya amfani da su, wa'adin kuwa ya cika tun watan Janairu na 2024. Ta yanke tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna bambanci, da naira dubu 100 ko ɗaurin wata 6 ga mutum ɗaya, ta kuma tanadi hukunci ga jami'in da ya amince da zanen ginin da ya saɓa wa ƙa'ida. An kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa a 2020 don ta bi sawun wannan al'amari. Babu mai tsammanin jami'anta su taso daga Abuja gobe su auna ƙofofin shagunan Yana. Amma bankuna, da kamfanonin sadarwa, da ƙungiyoyin agaji masu neman hayar ofis ko sito, su ne suka fi biyan haya mai tsoka, su ne kuma suka fi shiga idon hukuma. Mai ginin da ke fatan irin waɗannan 'yan haya, gara ya yi gangararsa tun kafin a tambaye shi.

Batun lodi ya ma fi wannan nauyi a ma'aunin ciniki. Arzikin Yana da kewayenta amfanin gona ne: gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi, da shinkafar fadama. Waɗannan suna fita, taki da siminti da kayan masarufi suna shigowa daga Kano da Azare. Tirela mai ɗaukar tan 30 tana cin buhu 300 na hatsi masu kilo ɗari-ɗari, ko buhun siminti 600. Bayanta kuwa ya kai kimanin mita 1 da santimita 20 daga ƙasa. Yadda aka saba, sai a jingina katako, ɗan dako ya saɓa buhu a wuya ya hau yana rangaji, sau 300. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya riƙa ɗaukar abin da ya wuce kilo 55. Buhun hatsin kasuwannin arewa ya kusa ninka wannan.

Da a ce bakin sito yana da dakali daidai da tsayin bayan mota, da baro ko ƙaramar kura za ta gangara da buhu biyu ko uku kai tsaye zuwa cikin mota, ba hawa ba sauka. Motar da ke kwana tana jiran lodi sai ta tashi da rana tsaka, direba kuwa ya san sitocin da ke ɓata masa yini, yana kuma saka wannan a cikin kuɗin da yake yankewa. Buhun da ya suɓuce daga kan katako ya fashe, hatsin da ya gauraya da ƙasa, ɗan dakon da ya gurɗe aka kai shi wurin mai ɗori da kuɗin maigida, duk asara ce da ba a rubutawa a littafi, shi ya sa ake ganin kamar babu ita. Masana tattalin arziki suna yawan kawo misalin Malkam Makilin, Ba'amurken da ya fara jigilar kaya cikin kwantena a 1956, wanda ya sauko da kuɗin lodin tan ɗaya a jirgin ruwa daga kusan dala 6 zuwa ƙasa da sulai biyu na dala. Jirgin bai ƙara gudu ba. Hanyar ɗora kaya a kansa ce ta sake. Dakalin lodi ƙaramin ɗan'uwan wannan dabara ne.

Za a ce 'yan dako za su rasa abinci. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, bai kamata a yi watsi da ita ba, domin lodin da mutum goma ke yi zai iya komawa na mutum shida. Sai dai ana biyan ɗan dako ne a kan buhu, ba a kan yini ba, saboda haka wanda ya loda mota biyu a maimakon ɗaya bai yi asara ba, kuma zai kai shekara hamsin bayansa bai karye ba. Kasuwar da motoci ke saurin tashi daga cikinta ita ke jawo ƙarin motoci.

To in ribar a fili take haka, me ya hana a yi? Amsar tana cikin yadda aka raba mallaka. Yawancin masu shaguna haya suke yi. Ɗan haya ba zai zuba siminti a ginin da za a iya tashinsa daga ciki baɗi ba. Mai gini kuma ba shi ke biyan 'yan dako ba, ba shi ke rasa mai saye ba. Kowa yana jiran ɗan'uwansa. Maganin wannan ba ya bukatar doka daga Abuja: a rubuta a takardar haya cewa ɗan haya zai yi aikin, a cire kuɗin daga hayar shekara biyu, a kuma ba shi tabbacin zama na wannan lokaci. A cikin kasuwa kuwa, inda dakali ɗaya zai amfani mutum hamsin amma babu mai son ya biya shi kaɗai, aikin na hukuma ne. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su a wuyan ƙananan hukumomi, su ke kuma karɓar kuɗin rumfa. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Dakalin lodi guda ɗaya mai kyau a gefen 'yan hatsi, da ɗan kuɗin shiga a kan kowace mota, yana daga cikin ayyuka ƙalilan da za su iya mayar da kuɗinsu da kansu.

Saura ingancin aikin, inda nan ne kuɗi suka fi zubewa. Gangarar da ta yi tsaye kamar ta hawan babur ba gangara ba ce, tarko ce. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya, wadda Amurka ta ɗora a kan dokarta ta naƙasassu ta 1990, ita ce kowane santimita 1 na tsayi a ba shi santimita 12 na tsawo. Watau daɓen da aka ɗaga santimita 60 yana bukatar gangara mai mita 7 da ɗoriya. Babu shagon bakin titi da ke da wannan fili a gabansa, kuma wanda ya miƙa ta cikin titi ya tare magudanar ruwa ya jawo wa maƙwabta ambaliya. Dabarar ita ce a kwantar da ita a jikin bango, ko kuma jerin shaguna shida ko takwas su yi baranda ɗaya mai daɓe ɗaya, da gangara ɗaya a ƙarshenta. Gangara mai wannan tsawo, faɗin mita 1 da santimita 20, kaurin santimita 10, ba ta kai kubik mita ɗaya na kankare ba, watau buhun siminti 6 ko kusa da haka. Ko an haɗa da bulon gefe da wurin juyawa da wuya ta wuce 12. Ko a farashin naira dubu 7 zuwa dubu 8 da gwamnati da masu kamfanonin siminti suka daidaita a kai a watan Fabrairu na 2024, lokacin da buhu ya haura dubu 10 a kasuwa, simintin bai kai naira dubu 100 ba. A raba wannan gida shida.

Matakala ita ma tana da nata awo: tsayin kowane taki santimita 15 zuwa 17, faɗin wurin sa ƙafa kimanin 30, kuma duka su zama daidai wa daida, domin takin da ya bambanta da 'yan'uwansa shi ke kayar da mutum. Tayil mai sheƙi, wanda ya zama abin yayi a ƙofofin shaguna, yana da kyau a ido, amma da damina sai dai Allah ya kiyaye. Gara a bar fuskar kankaren da kaushi, a ja tsintsiya a kansa tun yana ɗanye, a kuma kafa ƙarfen dafawa a gefe.

Shi kansa kankaren, awonsa sananne ne: kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Abin da ke kashe shi a wannan yanki abu uku ne. Na farko yashi mai laka. A zuba shi a kwalba da ruwa a girgiza, in ya kwanta aka ga laka mai kauri a samansa, a nemi wani. Na biyu yawan ruwa, wanda leburori ke so don kwaɓi ya yi sauƙin juyawa, alhali kowane bokitin da ya wuce kima ƙarfi yake ragewa. Na uku, wanda ya fi duka, rashin ban-ruwa. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha a hankali. Yana bukatar a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Iskar hunturu da zafin bazara mai haura digiri 40 suna tsotse ruwansa cikin sa'o'i, ya tsattsage tun ba a taka shi ba. Tsofaffin buhunan algarara da aka jiƙa aka lulluɓe shi da su sun isa magani, kuma babu ɗan hatsin da ba shi da su.

Dakalin lodi ya fi bukatar kulawa, saboda mota ce ke dukansa. A daddale cikon ƙasa hawa-hawa kafin a zuba komai, a sa rodi, kaurin ya kai santimita 15 zuwa 20 a inda taya ke tsayawa, a ɗaure bakin dakalin da ƙarfe mai kusurwa, a rataya tsofaffin tayoyi su tare bugun mota. A ɗan karkatar da fuskarsa waje don kada ruwa ya koma sito. Murfin lambatun da ke gabansa kuwa a yi shi don tirela, ba don mai tafiya a ƙasa ba.

Kafin a zuba kankare, babu abin da ya fi sauƙi kamar a shimfiɗa katako a kan awon da aka yi niyya, a roƙi wani mai keken hannu ya gwada hawa, a kuma tura baro mai buhu biyu a kai. Lokacin aikin shi ne da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, kafin hunturu ya kankama, yadda kwana 28 za su cika kafin motocin kaka su fara layi a bakin sito.