Ra'ayinmu: Ƙarfin gida a harsashinsa yake

Akwai wata magana da ta zauna a bakin jama'a daga Agadas zuwa Arlit har Asamaka: wai a ƙasar da ba a samun ruwan sama, ɓarnar dukiya ce mutum ya binne siminti cikin ƙasa. Saboda wannan magana, magidanci yakan kashe kuɗinsa wajen ƙofar ƙarfe da fenti da rufin kwano, amma in an zo ga harsashi sai ya ce wa magini ya tona taƙi ɗaya ya fara jera tubali. Muna ganin wannan kuskure ne babba, kuma ya kamata a faɗa a fili tun damina ba ta sake kewayowa ba.

Gaskiya ne ruwan da ake samu a Arlit, a mafi yawan shekaru, bai kai milimetir 100 ba, na Asamaka ma bai kai na Arlit ba. Amma ruwan hamada ba ya zuwa da kaɗan-kaɗan. Na shekara guda yana iya sauka cikin dare ɗaya. A watan Agusta na 2006 ruwa ya sauka a Bilma, gidajen da aka gina da ƙasa mai gishiri suka narke, dubban mutane suka kwana a fili. A farkon Satumba na 2009 koramar Telwa ta cika ta fasa madatsa, ta shiga unguwannin Agadas, ta rushe dubban gidaje. A daminar 2024 kuwa ambaliya ta taɓa mutum fiye da miliyan ɗaya a faɗin Nijar, fiye da 300 suka rasu, tsohon masallacin Birnin Damagaram ya faɗi, tsofaffin gidajen Agadas ma ba su tsira ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dalilin ƙarfin wannan ruwa a bayyane yake. Duwatsun Abzin ba su shan ruwa, kuma babu ciyawa mai yawa da za ta rage masa gudu. Abin da ya sauka bisa dutse duka yana gangarowa cikin koramu, ɗauke da yashi da tsakuwa da itace. Mutum yana zaune a garinsu, sama garau babu ko gajimare, sai ya ji rugugin korama daga ruwan da aka yi a nesa. Irin wannan ruwa ba ta rufi yake kayar da gida ba. Gindin bango yake ci, ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashinsa, bangon ya rasa abin dogara ya kife.

Ƙasar jihar Agadas ba iri ɗaya ba ce, don haka harsashinta ma ba zai zama iri ɗaya ba. A ƙauyukan cikin dutse irin su Timiya da Iferwan da Tabelot, mutum yana tsakanin abu biyu: ƙasan kwari na korama ne da garake, gefen dutse kuwa gangare ne. A Arlit da Akokan ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, inda ruwa ke kwanciya ya rasa mafita. Garin Arlit an kafa shi a 1969 saboda uraniyom. Kamfanin Somair ya fara fitar da ma'adini a 1971, na Kominak a Akokan ya fara a 1978. Kamfanonin sun gina wa ma'aikatansu unguwanni bisa tsari, amma dubban mutanen da suka biyo bayan arzikin sun fara da bukkoki ne, daga baya kowa ya maida bukkarsa ɗaki gwargwadon ƙarfinsa, ba awo ba magudana. Asamaka kuma, mai nisan kilometir 200 da ƴan kai daga Arlit, a bakin iyakar Aljeriya, rairayi ne da iska. Garin ya ƙaru da ƴan kasuwa da ma'aikatan duwan da jami'an tsaro, ga kuma baƙin da ake korowa daga Aljeriya, waɗanda suka wuce 30.000 a shekarar 2024 kaɗai. Inda jama'a ta ƙaru da gaggawa, gini ma da gaggawa ake yin sa, kuma a nan ne ake tauye harsashi.

To, mene ne harsashi na ƙwarai? Ba asiri ba ne, kuma wanda ya fito daga makarantar yaƙi da jahilci, ya iya karanta lamba da riƙe ma'auni, yana iya tsayawa bisa aikin gidansa ya duba.

Na farko shi ne zaɓen wuri. Kafin ka sayi fili, tambayi dattawan wurin inda ruwa ya taɓa kaiwa. Dubi ƙasa da kyau: inda ka ga tsakuwa mai sulɓi da yashi a jere, tsohuwar hanyar ruwa ce, ko da ta shekara talatin a bushe. Babu simintin da zai tsare gidan da aka gina a tsakiyar korama.

Na biyu shi ne tono. A tona har a wuce rairayi da tarin shara, a isa ƙasa mai tauri. Ga gida marar bene akan tona zurfin santimetir 60 zuwa 80, faɗi kuwa 40 zuwa 60, amma ƙasa ita ke yanke hukunci: in ba a iske tauri ba, a ci gaba. A Asamaka, inda iska ke kwashe rairayi daga gindin bango har ta bar harsashi a waje, zurfi da faɗi sun fi muhimmanci. A gefen dutse kuma kada a bi gangare da harsashi a karkace, domin gidan zai riƙa zamewa. A yanka ƙasa hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa a shimfiɗe daidai, kuma kada rabin gida ya hau dutse, rabi ya hau ƙasar ciko: ɗaya zai nutse, ɗaya ya tsaya, bango ya tsage a tsakani. In an yi bangon tare ƙasa a bayan gida, a bar masa ƙananan kafofi a gindi, a zuba tsakuwa a bayansa don ruwa ya sami mafita. A sama da gidan kuma a haƙa lambatu mai karkatar da ruwa gefe.

Na uku shi ne haɗi. Kankare, wanda maginanmu ke kira beto, abu huɗu ne: siminti, yashi, tsakuwa da ruwa. Ma'aunin da aka saba da shi ga kankare mai ƙarfe a ciki shi ne kilo 350 na siminti a kowace metir kubik, wato buhu 7 masu kilo 50. A sauƙaƙe, buhu ɗaya yana ɗaukar baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa, da ruwa kimanin litir 25. Mun san siminti yana da tsada a arewa. Buhun da ya taso daga Malbaza yana cin fiye da kilometir 700 kafin ya isa Arlit, balle Asamaka. Amma wanda ya miƙar da buhu ɗaya ya yi aikin biyu bai rage tsada ba, ya jinkirta ta ne zuwa ranar da zai sake gini. Araha ba ta ado. Haka nan mai ƙara ruwa don kwaɓin ya yi sauƙin zubawa: ruwan da ya yi yawa yana bushewa ya bar kafofi, ƙarfin kankaren ya ragu. Simintin da ya jima a ajiye har ya yi gudaji, shi ma ƙarfinsa ya tafi.

Yashin ma a duba shi. Rairayin tudu da iska ta tara ya cika laushi da sulɓi, ba ya kama siminti da kyau. Yashin korama mai kaushi ya fi. Ga gwaji mai sauƙi: zuba yashin cikin kwalba har rabi, ƙara ruwa, girgiza, ajiye ta kwana. In ka ga laka mai kauri ta kwanta a bisa yashin, sai an wanke shi ko a sake wani.

Na huɗu shi ne gishiri. Ƴan'uwanmu da suka yi zama a Kwatano ko Lome ko Ikko sun ga yadda iskar teku ke cin gini: gishiri ya ratsa kankare ya iske ƙarfe, ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura, kankaren ya fashe. Mu ba mu da teku, amma muna da gishiri da kanwa cikin ƙasa da cikin rijiyoyi, daga Tegidda-n-Tesemt har Kawar. Rijiyar Asamaka ma an daɗe da sanin ruwanta yana warin farar wuta. Ƙa'idar magina ita ce, ruwan da ya yi kyau ga sha shi ya yi kyau ga kwaɓi. Wanda ake shakka a kansa a kai shi awo kafin babban aiki. A fara shimfiɗa siririn kankare mai kaurin santimetir 5 a ƙasan rami don kada ƙarfe ya taɓa ƙasa, kuma a tabbata kankare ya rufe kowane ƙarfe da kaurin santimetir 5. Ga gine-ginen gwamnati a ƙasa mai gishiri akwai siminti na musamman da ke jure masa, shi ya kamata a rubuta cikin takardar kwangila.

Na biyar shi ne shayarwa, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Mutane da yawa suna zaton rana ce ke ƙarfafa siminti. Ruwa ne ke ƙarfafa shi, a hankali, har kwana 28. A ƙasar da zafi ke wuce digiri 40, ga busasshiyar iska, kankaren da aka zuba da tsakar rana aka bar shi a buɗe yana tsagewa tun kafin la'asar. A zuba shi da sassafe ko da marece, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna ko leda, a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana 7 aƙalla. Inda ruwa ke da wuya, kuɗin wannan ruwa ya shiga lissafin gini tun farko.

Kada wani ya ce wannan magana ta masu kuɗi ce. Ginin ƙasa ba abin raini ba ne. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon metir 27, da ƙasa aka yi ta, asalinta tun ƙarni na 16, kuma tana tsaye saboda ana kula da ita. Ɗakin ƙasa ya fi na siminti sanyi a lokacin zafi. Abin da yake bukata shi ne gindi mai ƙarfi: harsashin dutse da kwaɓin siminti, a ɗaga shi kimanin santimetir 40 bisa ƙasa, a shafa kwalta ko a shimfiɗa leda mai kauri a kansa don kada danshi ya hau, sannan a ɗora tubali. Dutse kuwa Allah ya hore wa Abzin shi. A sa indararo mai tsawo, a tula ƙasa a gindin bango ta gangara waje. Mai ƙaramin ƙarfi ya gina ɗaki ɗaya bisa harsashi na gari, ya fi ɗakuna uku bisa rairayi.

Akwai kuma gargaɗi na musamman ga mutanen Arlit da Akokan. Ba kowane dutse ne na gini ba. A 2007 masu bincike na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa, tare da ƙungiyar Aghir In'man ta Arlit, sun nuna cewa an yi ciko a titin Akokan da duwatsun da aka fitar daga ramin ma'adini, masu fitar da tururin uraniyom fiye da kima. A Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta sake auna irin wannan a titunan garin, daga baya aka shiga aikin kwashewa. Irin wannan dutse, da ɓaraguzan ƙarfen da suka fito daga masana'anta, ido ba ya bambanta su da sauran. In sun shiga harsashi ko daɓen ɗaki, iyali za su kwana bisansu shekara da shekaru, suna shaƙar iskar da ake kira radon, wadda likitoci suka tabbatar tana jawo ciwon dajin huhu. Tun da Kominak ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, tulin abin da aka tono yana nan kusa da gari, ga mutane da yawa sun rasa aiki, ga tsadar kayan gini. Duk wanda aka yi wa tayin dutse ko ƙarfe mai araha, ya tambayi inda ya fito.

Daga nan magana ta koma ga hukuma. Talaka ba shi da na'urar awo, kuma ba shi ke raba filaye ba. Muna kira ga magadan gari da sarakuna da masu unguwanni su daina ba da fili a hanyar ruwa, su kafa alamu a inda ambaliyar baya ta kai, don wanda zai zo gobe ya gani. Takardar izinin gini kada ta tsaya ga hatimi da biyan kuɗi: ma'aikaci ya je ya ga ramin harsashi da idonsa kafin a zuba kankare, domin in an rufe shi babu mai sake ganinsa. A ware wuraren ɗiban yashi da tsakuwa da aka auna aka tabbatar da lafiyarsu, a sanar da jama'a ta rediyo da Hausa da Tamashek. Makarantu da ɗakunan shan magani da rumfunan baƙi da ake ginawa da dukiyar ƙasa ko ta masu taimako su zama abin koyi, a auna kankarensu, kada a karɓi aikin ɗan kwangilar da ya tauye siminti. A kuma shirya wa magina horo cikin harshensu, a sa waɗannan ma'aunai cikin littattafan yaƙi da jahilci.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Magidanci, kafin ka sayi kwano da fenti, tsaya a bakin ramin gidanka da ma'auni a hannu, ka ƙirga buhunan da aka zuba, ka tabbata an shayar da aikin kwana bakwai. Abin da ka binne a nan shi zai riƙe ƴaƴanka a daren da korama ta taso. Allah ya kiyashe mu da garuruwanmu, amin.