Raddi Ga Masu Cewa Finlan Ta Yi Wauta Da Ta Shiga NATO

Tun ranar 4 ga Afrilu 2023, da aka ɗaga tutar Finlan a hedkwatar ƙungiyar tsaro ta NATO, ta zama ƙasa ta 31 a cikinta, wata magana ta yawaita a bakin masu sharhi kan al'amuran duniya, har ta gangaro majalisun da akan zauna bayan la'asar ana tauna abin da aka ji a rediyo. Taƙaitawarta kuwa ita ce, wai wannan ƙasa mai mutane miliyan biyar da rabi, wadda ta haɗa iyakar kilomita 1,340 da Rasha, ta shekara kusan tamanin cikin aminci albarkacin siyasar ba-ruwanmu, sa'an nan rana tsaka ta bari Amurka ta hure mata kunne, ta yar da garkuwarta, ta tsokano gidan rina. Masu wannan da'awa ba jahilai ba ne, kuma cikin zancensu akwai gaskiya wadda zan sallama musu ita a duk inda ta zo; sai dai ginin hujjar tasu ya tsaya a kan ƙiyasin da ba a tantance illarsa ba.

Da'awarsu ta farko ita ce ba-ruwanmu ne ya tsare Finlan daga yaƙi. Malaman usulu sun karantar da mu cewa hukunci yana tafiya tare da illarsa, in ta samu ya samu, in ta gushe ya gushe. Saboda haka duk wanda ya ce abu kaza ne sababin aminci, wajibi ne ya nuna mana cewa a duk lokacin da aka sami abin nan, amincin ya biyo baya. To, a shekarar 1939 Finlan 'yar ba-ruwanmu ce tsantsa, ba ta cikin ƙawancen kowa, har ma tana riƙe da yarjejeniyar rashin kai wa juna hari wadda ta ƙulla da Tarayyar Sobiyet a 1932, aka kuma sabunta ta a 1934. Amma duk wannan bai hana Stalin da Hitler su raba gabashin Turai a asirce cikin watan Agustan 1939 ba, Finlan ta faɗa rabon Stalin, bai kuma hana jiragen Sobiyet su yi wa Helsinki ruwan bama-bamai ranar 30 ga Nuwamba ba. Kwana 105 aka yi ana gwabzawa cikin dusar ƙanƙara, da aka yi sulhu a watan Maris 1940 kuwa, sai da Finlan ta rasa kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙasarta, har da birnin Viipuri, mutanen Kareliya sama da 400,000 suka bar gonakinsu da kaburburan iyayensu suka yi hijira yamma. Estoniya da Latbiya da Lituwaniya, waɗanda su ma suka shelanta ba ruwansu, suka kuma yarda da sansanonin Sobiyet don gudun fitina, an haɗiye su ɗungurungum a 1940, ba su sake ganin 'yanci ba sai 1991. A wannan shekara ta 1940 ɗin ce kuma Jamus ta tattake Denmak da Nowe da Holan da Beljiyam, dukkansu 'yan ba-ruwanmu. Illa ta samu a ƙasashe takwas, hukunci bai samu a ko ɗaya ba.

Adalci ya wajabta in ambaci cewa daga 1941 zuwa 1944 Finlan ta yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da sojojin Hitler, har ta ƙetare tsohuwar iyakarta, wannan kuwa tabo ne da ba na neman in goge mata shi. Amma abin da ya shafi jayayyarmu shi ne yadda aka ƙare: a tsakiyar 1944, da rundunar Sobiyet ta taso da dukkan ƙarfinta, sojojin Finlan suka tare ta a Tali-Ihantala, Stalin kuwa, da yake idonsa na kan Berlin, ya auna kuɗin cinye wannan ƙasa ya ga ya fi ribarta, sai ya karɓi sulhu. Wannan lissafi na Stalin, wanda jinin sojojin Finlan ya tilasta masa, shi ya bar Helsinki ba a mamaye ta ba.

Da'awa ta biyu, wadda ba su cika furta ta a fili ba amma tana kwance ƙarƙashin zancensu, ita ce wai zaman da Finlan ta yi bayan yaƙi zaman 'yanci ne da mutunci, wanda ya cancanci a yi kewarsa. A nan zan ɗan daɗe, domin mafi yawan masu yabon wannan zamani ba su san tsadarsa ba. Cikin sharuɗɗan sulhun 1944 akwai bai wa Sobiyet hayar yankin Porkkala na shekara hamsin, wanda ke bakin teku, tafiyar kilomita talatin ko makamancin haka daga Helsinki, wato inda igwa za ta iya jefo harsashi tsakiyar babban birni. Hanyar jirgin ƙasa daga Helsinki zuwa Turku ta nan ta ratsa. In jirgi ya iso bakin yankin sai a tsayar da shi, a cire kan jirgin Finlan a maƙala na Sobiyet, a rufe tagogi duka da marufai daga waje, fasinja ya zauna a kujerarsa, yana ratsa ƙasar kakanninsa ba shi da ikon leƙa ta, har a fita ɗaya gefen a buɗe. Mutanen ƙasar, da yake in abu ya fi ƙarfin mutum sai ya mai da shi wasa, suka riƙa kiran wurin ramin jirgi mafi tsawo a duniya. Haka aka zauna har 1956 da aka mayar musu da wurin. Ga diyyar yaƙi ta dala miliyan 300 da aka ɗora musu, ko da yake an rage daga baya, wadda suka biya da jiragen ruwa da injuna da katako har zuwa 1952. Ga tallafin Marshall da Amurka ta yi wa Turai tayi a 1947, wanda Finlan, duk da tsananin bukatarta, ta kau da kai daga gare shi don Masko ta haɗe fuska.

Sai yarjejeniyar da aka ƙulla da Sobiyet a 1948, wadda Shugaba Paasikivi ya yi ta jan ƙafa da dabara har ya rage mata dafi, amma duk da haka ta bar wa Masko ƙofar neman shawarwarin soja a duk lokacin da aka ce akwai barazana daga Jamus ko ƙawayenta. Da wannan ƙofa aka riƙa juya siyasar cikin gida. A 1958 gwamnatin Fagerholm, wadda majalisa ta amince da ita, ta faɗi bayan Masko ta janye jakadanta ta kuma tsayar da tattaunawar ciniki. A 1961, ana dab da zaɓen shugaban ƙasa, wasiƙa ta zo daga Masko tana neman waɗannan shawarwari. Shugaba Kekkonen ya tafi har Novosibirsk ya gana da shugaban Sobiyet Khrushchev, babban abokin takararsa ya janye, sai wasiƙa ta zama kamar ba a taɓa rubuta ta ba. A 1973 majalisa ta ƙara wa Kekkonen shekara huɗu da doka ta musamman, ba tare da zaɓe ba. A 1974 kuwa, da littafin Solzhenitsyn kan sansanonin gwale-gwale na Sobiyet ya fito, fassararsa ta harshen Finlan sai a Stockholm aka fara buga ta, domin mai ɗab'insa na gida ya ja da baya. Har Jamusawa suka ƙirƙiri kalma daga sunan ƙasar, suna nufin ƙasar da ke da tuta da majalisa amma takan dubi fuskar maƙwabci kafin ta yi tari.

Ba na zargin Paasikivi da wannan, hasali ma ina ganin ya ceci al'ummarsa, a daidai lokacin da 'yan gurguzu suka ƙwace mulkin Cekoslobakiya a watan Fabrairun 1948. Amma shari'a da ta halatta wa wanda yunwa ke neman hallakawa ya ci mushe, ta halatta masa ne gwargwadon larurarsa, ba ta kuma ce ya mai da mushe cimarsa bayan abinci ya samu ba. Abokan jayayyarmu sun ɗauki rangwamen larura sun mai da shi sunna.

Lissafinsu na shekara tamanin ma bai fita ba. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe, yarjejeniyar 1948 ta bi ta a farkon 1992. A shekarar ce Finlan ta yi odar jiragen yaƙi 64 samfurin Hornet daga Amurka, ta shiga shirin haɗin gwiwa da NATO a 1994, ta shiga Tarayyar Turai a 1995, ta kuma aika sojoji Kosobo da Afganistan ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar. Garkuwar da ake cewa an yar a 2023, an jingine ta shekara talatin kafin nan.

Da'awa ta uku ita ce Amurka ce ta ja Finlan da igiya. Wannan ita ce mafi rauni, ba kuma zan ɓata mata tawada da yawa ba. Shekara da shekaru ana jin ra'ayin jama'a a Finlan, masu son shiga NATO ba su cika wuce ɗaya cikin huɗu ba, Amurka kuwa tana nan duk tsawon wannan lokaci da igiyarta. Abin da ya sauya shi ne, a watan Disamban 2021 Rasha ta nemi a rubuta mata alkawari cewa NATO ba za ta ƙara karɓar kowa ba, wanda ma'anarsa a kunnen ɗan Finlan ita ce a koma zamanin rufe tagogi. Sa'an nan ranar 24 ga Fabrairu 2022 ta auka wa Yukren. A watan Mayu masu goyon baya sun kai kashi 76 cikin ɗari, majalisa ta kaɗa ƙuri'a 188 suka yarda, 8 suka ƙi, gwamnatin da ta kai takardar kuwa ta Sanna Marin ce, wadda jam'iyyarta ta daɗe tana ɗari-ɗari da NATO. Da aka kai takardar ma, kusan shekara guda Turkiyya ta riƙe ƙofa, sai ƙarshen Maris 2023 majalisarta ta amince. Ga wanda kuma zai ce ai neman shiga NATO ne ya jawo wa Yukren bala'i, sai mu tuna masa cewa a 2010 majalisar Yukren ta kafa dokar rashin shiga kowane ƙawancen soja, dokar nan kuwa tana aiki a watan Maris 2014 da Rasha ta ƙwace Kirimiya.

Da'awa ta huɗu, ta hasara, a nan ne suke da abin riƙewa. Gaskiya ne Rasha tana da tsoron da ba na ƙarya ba game da wannan kusurwa, domin a 1939 tsakanin iyaka da Leningrad kilomita 32 ne kacal, birnin da daga baya ya sha ƙawanyar da duniya ba ta manta ba. Gaskiya ne kuma an yanke wa Finlan wutar lantarki da iskar gas a watan Mayun 2022, an rufe mashigan iyaka a ƙarshen 2023, kantunan Lappeenranta da Imatra da a da suke cika da masu sayayya daga St. Petersburg sun koma zaman jiran ciniki. Sai dai mafi yawan wannan hasara ta biyo takunkumin Tarayyar Turai ne da yaƙin kansa, wanda da ya sami Finlan ko ta shiga NATO ko ba ta shiga ba. Mutanen ƙasar kuma sun taɓa ɗanɗana abin da dogaro da kasuwa ɗaya ke haifarwa, domin cinikin Sobiyet, wanda a farkon shekarun 1980 ya kai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na cinikinsu na waje, da ya rushe a 1991 sai da ya taimaka wajen jefa su cikin matsin da ba su ga irinsa ba tun bayan yaƙi.

Akwai wata shubuha da ta fi waɗannan huɗu nauyi, wadda na yi mamakin yadda abokan jayayyarmu ba su riƙe ta da hannu biyu ba, ni kuwa amanar ilmi ba za ta bar ni in ɓoye ta ba: shin Amurka, da ke bayan teku, wadda ra'ayinta kan juya duk bayan shekara huɗu, za ta zo ranar da aka kira ta? Sashe na biyar na yarjejeniyar NATO, wanda ya ce taɓa ɗaya taɓa duka ne, sau ɗaya tak aka taɓa aiki da shi, bayan harin 11 ga Satumba 2001, don Amurka kuma aka yi. Amsar da Finlan ta bayar a aikace ita ce ba ta kwance ɗamara ba. Lokacin da Suwidin ta dakatar da aikin sojan dole a 2010, Jamus ta bi sahu a 2011, ita ba ta daina kiran samarinta ba. Rundunarta ta lokacin yaƙi mutum 280,000 ce, waɗanda ake ɗebowa daga cikin na ko-ta-kwana kimanin 870,000, tana cikin masu mafi yawan igwogi a yammacin Turai, tana kuma da mafakar ƙarƙashin ƙasa sama da 50,000 da za su ɗauki mutum kusan miliyan 4.8, wata daga cikinsu a Helsinki wurin iyo ce da yara ke wanka a ciki ran da babu fitina.

Duk da haka shubuhar ba ta warware gaba ɗaya ba, zan kuma bar musu ragowarta. Jiragen F-35 guda 64 da Finlan ta zaɓa a watan Disamban 2021, kayan gyaransu da sirrin kwamfutarsu suna hannun Amurka; yarjejeniyar tsaro da aka sa wa hannu a Washington a watan Disamban 2023 kuma ta buɗe wa sojojin Amurka wurare 15 a cikin ƙasar. Bambancin waɗannan wurare da Porkkala shi ne majalisar Finlan ce ta amince da su cikin zaɓinta, tana kuma da ikon warware yarjejeniyar. Amma ko ikon nan zai yi aiki ranar da ra'ayin Helsinki da na Washington suka saɓa a kan babban al'amari, ranar ba ta zo ba tukuna, ni kuwa ba ni da hujjar da zan kafa musu a kai.