Takardar Koke Kan Kiran Waya da Lambar Sojan Gona

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC,
Titin Aguiyi Ironsi, Maitama, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Mu ƴan kasuwa, direbobi, ƴan fansho da iyaye mata mazauna Wuse, Kubwa, Nyanya, Dei-Dei da Gwagwalada mun kawo kukanmu gabanka kan kiran da ƴan damfara ke yi mana da lambobin da ba nasu ba.

Ranka ya daɗe, babu umarnin hukuma da muka ƙi bi. Da aka ce a watan Disamba na 2020 kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, mun yi sammako cikin hunturu, muka ba da hotunanmu da zanen yatsunmu. Da aka toshe kira daga layukan da ba a haɗa ba ranar 4 ga Afrilu, 2022, mun rufe shaguna mun sake bin layi. Fatanmu shi ne daga nan duk mai kira za a san shi. Ga shi yau mu an san mu ciki da bai, mai cutarmu kuwa ko ƙasar da yake magana ba a sani ba. Masana sun shaida mana cewa mai kira ta intanet yana iya zaɓar lambar da za ta fito a fuskar wayarmu, tamkar mai wasiƙa ya rubuta adireshin wani a bayan ambulan.

Asara ta farko ta dukiya ce. Wani dattijonmu ɗan fansho a Kubwa ya ga lambar da ke bayan katinsa na banki tana kiransa. Aka ambaci cikakken sunansa, aka ce za a rufe asusunsa in bai karanto lambar sirrin da aka turo masa ba. Bai ajiye wayar ba sai ga saƙon an kwashe kuɗin makarantar jikokinsa.

Ta biyu ita ce kwanciyar hankali. Wata uwa a Nyanya an kira ta da tsakar dare da lambar ɗanta mai karatu a Zariya, aka ce yana hannun masu garkuwa. Ta tura ɗan jarinta tana kuka, da asuba ta same shi lafiya lau.

Ta uku mutunci ne. Wani mai sayar da katako a Dei-Dei an ari lambarsa an cuci mutanen da bai taɓa gani ba, ya yi makonni yana shan zagi da barazana. Yanzu tsoro ya hana da yawanmu ɗaga baƙuwar lamba, ciniki yana wuce mu, zumunci yana raguwa.

Ba yau muka fara kuka ba. Mun je ofisoshin kamfanonin layi, suka ce kiran bai taso daga wurinsu ba. Mun je bankuna, suka ce mu muka ba da lambar da bakinmu. Mun rubuta, mun sake rubutawa, shiru kake ji. Lambar 2442 da hukumarku ta fito da ita a 2016 ta rage mana saƙonnin talla, muna godiya, amma ba ta tare ɓarawon da ya ɓad da kama.

Mun san maganin yana hannunku. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ba ku iko a kan kamfanonin nan, kuma a 2018 kun hukunta masu sauya lambar kiran ƙasashen waje ta zama ta gida. A Amurka ma, tun 2021 aka wajabta wa manyan kamfanoni tantance lambar mai kira.

Saboda haka muna roƙo:

1. A tilasta wa kamfanoni tantance asalin kowane kiran intanet kafin ya iso gare mu.
2. A tare kiran waje da ya zo sanye da lambar Najeriya ta bogi.
3. A killace lambobin bankuna da na hukumomi yadda ba za a iya aronsu ba.
4. A sa wa kamfanoni wa'adin amsa koke, a kuma wayar da kan jama'a da Hausa a gidajen rediyo.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun nuna wurin, gyara kuma naku ne. Allah ya yi maka jagora, ya taya ka riƙon amana.

Naka masu biyayya,
Masu koke, mazauna Babban Birnin Tarayya, Abuja.