Giwan Ruwa a Falo: Sha'awa ko Ɗaukar Haƙƙi?



Kiwon kifi a akwatin gilashi ya shiga falukan masu hali, har ya fara shiga labaranmu. Wasu ba su tsaya ga ƙananan kifaye masu launi ba, sai manyan mafarauta irin su giwan ruwa, tsage da ɗan sarki, a kewaye su da shukoki kore shar. A ganina yawancin wannan kiwo ɗaukar haƙƙin dabba ne.

Na farko, girma. Ɗan giwan ruwan da aka sayo kamar yatsa yana iya kaiwa kusan mita 2, nauyinsa ya doshi kilo 200. Yaya zai juya a akwatin da bai fi tsawon doguwar kujera ba? Kuma duk kifin da ya shiga bakinsa ya zama kalaci. Tafkin Biktoriya ya isa shaida: an zuba giwan ruwa can a shekarun 1950, ya taimaka wajen ɓacewar nau'o'in ƙananan kifaye kusan 200. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na biyu, ƙazanta. Mai cin nama kashinsa da yawa, kashin kuwa yana zama amoniya, guba ce ga kifi. Shukoki na shanye wani kaso, amma ba su iya cinye duka. Dole a sa injin tace ruwa mai aiki dare da rana, a riƙa sauya wani ɓangare na ruwan duk mako. In aka ɗauke wuta ta daɗe, ƙwayoyin halittar da ke narkar da gubar a cikin matatar sai su fara mutuwa. Nan wa zai yi rantsuwa a kan wuta?

Na uku, su kansu shukokin. Babban kifi in ya zabura ko ya tona yashi, tumɓuke su yake yi. Shi ya sa masu kiwo ke zaɓar anubiyas, shukar da asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, su ɗaure ta a jikin itace ko dutse.

Wani zai ce ai sha'awa ce, kuɗinsa ne. Gaskiya ne, amma ran ba nasa ba ne. Mai son mafarauci ya nemi gartsa, wanda ake samu a Kogin Kwara da Tafkin Chadi. Ƙaramin nau'insa kan tsaya wajen santimita 30 a akwati, ba ya cin ganye, kuma yana shaƙar iska daga saman ruwa. A dai rufe akwatin, domin yakan tsallako.

Mu kuma marubuta, in za mu ƙawata falon Alhaji a labari, kada mu zuba giwan ruwa da 'yan kifaye wuri guda mu ce suna zaman lafiya. Ɗan masunci na cikin masu karanta mu.

Allah Ya ƙara mana basira.