Tabarmar Tsakar Gida



Ba mu taɓa jin wanda ya ce yana kewar dumsor ba, wato ɗauke-ɗauken wutar lantarkin da ya addabi Gana daga 2012 zuwa 2016. Teloli sun yi asara, masu sayar da ƙanƙara sun koka, ɗalibanmu sun yi karatun jarrabawa da tocila. Amma a waɗancan darare mun ga wani abu ya dawo zangonninmu. Da talabijin ya yi shiru, zafi ya kori kowa daga ɗaki, sai aka sake shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

Mu da muka tashi a shekarun 1980 mun san tabarmar nan sarai. Bayan isha'i a ajiye tuwo da miyar ayoyo a kwano ɗaya, yara su kewaye, a kwaɓi hannun wanda ya riga manya kai wa nama. Daga nan Kaka ta ɗauko Gizo da Ƙoƙi. To, amma daɗin hirar yana can gaba, bayan ƙanana sun yi barci. Nan ne za ka ji yadda kakanni suka biyo hanyar Gwanja da jakuna, suka kawo kanwa da tufafi, suka koma da goro. Nan za ka ji dalilin da ya sa gida ɗaya yake da dangi a Kete Karachi da Kumasi da Ankara, domin yaƙin Salaga na 1892 ne ya watsa fatake. Idan zance ya kai 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, sai muryar tsohuwa ta canza. Ta lissafo waɗanda suka hau mota, wane ƙaninta, wance aminiyarta, da wanda aka bar wa mabuɗin ɗaki. Can kuma ta tuno wata maƙwabciya da ta ƙi tafiya sai da turminta, a fashe da dariya.

Mu malamai muna koyar da tarihi a aji, amma babu littafin da ya san sunan ƙanin Kaka.

Yanzu wuta ta samu, kowa da wayarsa. Ka yi wa yaro Hausa ya amsa maka da Turanci ko Tiwi, tsofaffi kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ba sai mun jira an ɗauke wuta ba. Ko daren Juma'a kaɗai ne, a kashe talabijin, a fito da tabarma, a saya wa Kaka goro fari. Wayar nan ma tana da amfani, a ba jikan da ya fi rawar kai ya ɗauki muryarta. In ta ce ba ta tuna komai, ku tambaye ta wace rana aka ɗaura mata aure, kuma wa ya yi kiɗa.