Buhun taki na goma ba ɗaya yake da na farko ba

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman mu 'yan mastas na tattalin arziki da noma, yau maganar rigireshan zan yi, kuma na san wasu ba za su ji daɗi ba.

Wata al'ada ta zama ruwan dare a tsakaninmu. Mutum zai sha wahalar zuwa gida tattara bayanai, ƙauye-ƙauye, rana da ƙura. Da ya dawo sai ya miƙa wa mai shagon kwamfuta a bakin get, ko ya buɗe aikin wanda ya gama bara ya kwafe samfurinsa. Can an sa log a kan komai, shi ma sai ya sa. Ka tambaye shi dalili, ya ce "ai haka ake yi". Wani kuma zai gwada siga biyar a Stata ko EViews, ya ɗauki wadda ta fi ba shi taurari. Haba jama'a!

Sigar da ka ba kowane ma'auni ikirari ce a kan yadda duniya take. In ka sa taki a miƙaƙƙen layi, cewa kake buhu na goma zai ƙara masara daidai da buhun farko. Je ka faɗa wa manomin Funtuwa ko Saminaka haka ka ga kallon da zai yi maka. Ya san ƙarin yana raguwa, in taki ya yi yawa ma shuka ƙonewa take. Wannan sanin shi ke sa a ƙara taki² a samfuri. A ce ka samu amfani = 10×taki − taki². Ƙololuwar tana buhu 5. Sai ka duba: akwai manoman da suka wuce buhu 5 a bayananka? In babu, ba ka da hujjar cewa amfani ya fara sauka.

Manyan fannin nan daga tunani suka fara. Tun 1857 Ernst Engel ya lura cewa iyali in samunsu ya ƙaru, kason da abinci ke ci a kuɗinsu raguwa yake. Jacob Mincer a 1974 ya sa shekarun ƙwarewa har da ninkinsu a lissafin albashi, don ya san albashi na hawa da sauri a farkon aiki, daga baya ya lafa.

Shi kuma log yana da tarkonsa. Sifili ba shi da log. Duk manomin da bai sa taki ba, kwamfuta za ta zubar da shi, kuma galibi shi ne mafi talauci, wanda ka ce dominsa kake binciken. Dabarar ƙara 1 ma ba ta tsira ba, don sakamakon zai canza in ka auna da kilo maimakon buhu. Sannan ba a kwatanta R² na samfurin da aka sa wa amfani log da wanda ba a sa ba. Abin da kowannensu ke bayani daban ne.

Na san abin da za a ce: lokaci ya ƙure, kuɗin haya na jira, sufabaiza taurari yake son gani. Gaskiya ne akwai matsi. Amma zana hoton bayananka bai kai minti biyar ba. Francis Anscombe ya nuna tun 1973 cewa rukunin bayanai huɗu za su iya ba da layi ɗaya da R² ɗaya, alhali hotunansu ba su yi kama ba ko kaɗan. Gwajin RESET na Ramsey yana nan tun 1969, a Stata umarni ɗaya ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a ajin nan sau da yawa mu ne muka taso a gona, muka san damina da rani. Wannan sanin ne jarinmu, amma sai mu ajiye shi a ƙofa mu kwafi samfurin wani. A babi na biyar kuma mu ba gwamnati shawara a kan manoman garinmu.

Kafin ka taɓa kwamfuta, rubuta jimla ɗaya a kan kowane ma'auni: me ya sa miƙaƙƙe, me ya sa lanƙwasasshe. In ka kasa, to ba ka shirya wa difens ba tukuna. Wanda bai yarda ba, ya zo da hujjarsa mu tattauna.