Litinin Ba Ta Taɓa Gyara Kowa Ba

Ƴan uwana ɗalibai, sau nawa muka rantse cewa daga Litinin mun shiryu? Ni dai na bar ƙirga. Bara bayan ƙaramar salla na rubuta wa kaina doka a bayan kayen darasi: tashi ƙarfe biyar, gudu kullum, babu sukari, babu salula bayan sha ɗayan dare. Har na zuba jika goma sha biyu a takalmin gudu. Kwana tara na yi. Ran na goma kuran ya ɗauke, zafi ya hana barci, na wayi gari a fada da kofin shayi na uku a hannu. Takalmin yana nan, da shi nake zuwa biki.

Masu bidiyon salula za su ce mini rago ne. Da su nake faɗa yau. Mutum yana zaune Turai cikin ɗaki mai sanyi, firjinsa cike, yana koya wa ɗan Maradi mai jiran bursi yadda zai canza rayuwa cikin kwana 21. Wannan lissafin ma daga littafin wani likitan gyaran fuska na Amurka, Maxwell Maltz, ya fito a 1960, kuma magana yake kan lokacin da majinyata ke ɗauka kafin su saba da sabuwar kamarsu. Da aka gwada abin da gaske a jami'ar London, binciken Phillippa Lally na 2009 ya nuna tsaka-tsaki kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254. Ke nan wanda ya ga sati uku ya wuce abu bai zauna masa ba, ya ce shi ba mutum ba ne, ƙarya aka sayar masa.

Kuskurenmu na farko haɗama. Muna son gyara barci da ci da motsa jiki rana guda, alhali jarrabawa na bisa kanmu. Wanda ya ɗauki tulu huɗu, ko ɗaya ba zai kai gida ba.

Na biyu, mun ɗauka lafiya saye ake. Shayin rage tumbi, garin ƙara ƙwanji, kuɗin zauren motsa jiki da ba za mu iya biya wata biyu a jere ba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, minti 150 na motsa jiki matsakaici take nema ga baligi a sati. Tafiyar ƙafa mai sauri ta rabin awa, kwana biyar, ta biya. Ɗalibin Yamai da ya taka gadar Kennedy zuwa Harobanda maimakon hawa tasi ya yi rabonsa, kuɗinsa kuma na aljihu. Zogale da wake da huran gero suna bakin titi, sai dai mun raina su don ba su zo cikin gwangwani ba.

Na uku ya fi mini ciwo: muna yin abin a ɓoye, fada kuma tana ja da baya. Duba yadda mai dafa shayi ke cika kofi da sukari ya juye a buta, zagaye uku, wani lokaci zama biyu a yini. OMS ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, gwangwanin Coca-Cola ɗaya kuwa ya kusa giram 35. Ka ce a rage maka, a yi ta dariya, wai ka zama tsoho. Kawuna ma haka ya yi ta dariya. Yau kafin ya karya kumallo sai ya soka wa kansa allurar insulin, kuɗinta kuma daga bakin ƴaƴansa yake fita.

Wani zai ce, malam, wanda bai ƙoshi ba ina ruwansa da wannan? Gaskiya ne ɗalibin da ke kwana da gari da ƙuli ba ya da zaɓi mai yawa, kuma ba zan ɗora masa laifin talauci ba. Amma talakan ne ciwon sukari da hawan jini suka fi kayarwa, don shi ne ba ya iya sayen magani duk wata har ƙarshen rai. Rage sukari kuwa ko dala ba ya ci.

Na huɗu, in mun faɗi rana ɗaya sai mu ce shi ke nan, a jira wata Litinin. Binciken nan na London ya nuna tsallake rana guda ba ya rushe sabo. Wanda ya makara sallar asuba ai ba ya barin azahar.

Ga abin da muka yi a fadarmu bana. Abu ɗaya tak: rabin sukarin da muka saba, kuma mai dafawa ne ke da hukunci, ba mai sha ba. Satin farko an yi ta tsaki, mutum biyu sun ƙaura wata fada. Yanzu wata na huɗu ke nan, ran da baƙo ya dafa mana irin na da, babu wanda ya iya shanye kofinsa. Sai da wannan ya zauna muka ƙara tafiyar ƙafa bayan la'asar.

Ku zaɓi naku guda ɗaya, ƙarami, ku faɗa wa abokan zamanku yau ɗin nan, ko da Alhamis ce.